Asbestos a tsohuwar mota: yadda ake kwance hita da salansa ba tare da an shaƙi ƙurarsa ba

Duk wanda ya yi karatu a tsohuwar makarantar gwamnati ko ya zauna a gidajen ma'aikata ya san silin asbestos, farin allon nan da ake rufe saman ɗaki da shi. Ma'adinin da ya ba allon sunansa bai tsaya a gini kaɗai ba. Yana nan kwance a cikin tsofaffin motoci: Fijo 404 da 504, Volkswagen Beetle da Kombi, Land Rover, tsofaffin Marsandi, da manyan motocin ɗaukar kaya. Da yake tun a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a garejinmu. Wasu na kan hanya har yau, wasu kuma masu sha'awa ne ke sayensu su farfaɗo da su.

Motar da ke ajiye ba ta cutar da kowa. Haɗarin yana farawa ne ranar da aka ɗauko sifana, aka kankare, aka goge, aka hure. Don haka kusan duk abin da ke cikin wannan jagora a kan abu ɗaya yake: kada ƙura ta tashi.

Me ya kai shi cikin mota?

Asbestos dutse ne da ake haƙowa, amma idan aka fasa shi sai ya warware kamar zare. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, yana jure gogayya, ga shi da araha. Ba mamaki masu ƙera mota suka yi shekaru da dama suna sa shi duk inda zafi yake. Iri shida ne, amma uku aka fi sani: fari, ruwan ƙasa da shuɗi. Farin shi ne aka fi zubawa a kayan mota. Za ka ji wasu na cewa farin ba shi da lahani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dukkan nau'o'insa suna haddasa ciwon daji, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ne ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar sa a wurin aiki.

Zaren nasa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa. Idan ya tashi yana iya shafe sa'o'i yana yawo a iskar ɗaki. Wanda ya shiga can cikin huhu ba ya narkewa da sauƙi. Yana iya sa huhu ya yi tabo ya ƙandare har numfashi ya gagara, yana iya kawo ciwon dajin huhu ko na maƙogwaro, sannan akwai ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu da ciki, wanda likitoci ke kira mesothelioma. Wannan na ƙarshen yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana. Ma'ana yaron gareji mai shekara 15 da ke hure ƙurar birki yau, sai ya zama magidanci da iyali kafin abin ya taso, lokacin da ba wanda zai tuna da garejin.

Birtaniya ta hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, fari kuma a 1999. Ostareliya ta hana shi gaba ɗaya a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Amurka sai a 2024 ta fitar da dokar hana farin. Amma har yanzu ana haƙarsa a Rasha, Kazakistan da Sin, kuma ana ƙera kaya da shi a wasu ƙasashen.

Mataki na farko: san inda yake ɓuya

Kowa ya san da shi a birki da kuloci. Wuraren da aka fi mantawa da su su ne na ɓangaren zafi: gaskit ɗin kan inji (gaskit shi ne faifan da ake matsewa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo), gaskit ɗin da ke tsakanin inji da bakin salansa, zoben da ke haɗa bututun salansa, farantin kare zafi da ke tsakanin salansa da ƙasan mota ko ƙarƙashin kafireto, shimfiɗar da ke manne a cikin bonet, da wadda ke bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Wani lokaci har cikin baƙin shafen da ake yi wa ƙasan mota don hana tsatsa da ƙara.

Sai hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, wadda ita ce ta fi bukatar kulawa, domin ita kaɗai ce aka yi ta takanas don ta hura iska a fuskar mutanen da ke cikin mota.

A motocin da ruwa ke sanyaya injinsu, irin su 504 da Land Rover, hita ƙaramin lagireto ne a cikin akwati bayan dashbod, ruwan zafi na shiga ta tiyo, fanka na hura iska ta cikinsa. A nan abin da za ka sa wa ido shi ne shimfiɗar da ke cikin akwatin ko bayansa, abin toshe gefen ƙofofin iska, da ɗan allon da aka ɗora wayoyin rage gudun fanka a kai, domin wayoyin suna yin ja don zafi. Da yawa daga cikin motocin nan an daɗe da toshe tiyon hitarsu saboda yoyo, amma toshe ruwa bai hana fanka hura iska ta cikin tsohon akwatin ba.

Beetle da Kombi kuwa lamarinsu daban ne, domin ba ruwa ke sanyaya injinsu ba. Fankar da ke sanyaya inji ita ke tura wani kaso na iskar zuwa wasu akwatunan ƙarfe biyu da suka rufe bututun salansa, dama da hagu. Iskar ta ɗauki zafin salansa, direba ya ja hannun hita, wanda a Beetle yake kusa da birkin hannu, waya ta buɗe ƙofa, iskar ta bi bututu ta shigo ta ƙafafu da gilashin gaba. A Kombi bututun dogo ne, yana bin ƙarƙashin mota daga baya har gaba, kuma akan naɗe shi don kada zafin ya tsere. Gwargwadon shekarar ƙira da ƙasar da aka haɗa motar, ana iya samun asbestos a shimfiɗar cikin akwatunan, a naɗin bututu, da zobbansu. Bayan shekara 40 ko 50 na zafi da girgiza da ruwan sama, wannan shimfiɗa takan bushe ta fara marmashewa. Wasu motocin da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi kuma suna da ƙarin hita mai ƙona fetur, ƙirar Eberspächer ko Webasto, ita ma a ɗauke ta a matsayin abin zargi.

Ga wani abu da ba na asbestos ba amma wajibi ne a faɗe shi a nan: idan bututun salansar da ke cikin akwatin ya huje saboda tsatsa, hayaƙin inji ne zai shigo cikin mota kai tsaye. Iskar kabon monoksaid mai guba da ke cikinsa ba ta jiran shekara 20. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗi idan an kunna hita alama ce ta a kashe ta, a sauke gilashi, a tsaya.

Mataki na biyu: ɗauka cewa shi ne

Ba a gane asbestos da ido. Fari ne ko toka-toka, mai kama da kwali ko saƙaƙƙen ƙyalle ko busasshen alli, amma haka audugar gilashi da wasu kayan ma suke. Kada ka yarda da gwajin da wasu ke yi na kunna masa ashana ko murza shi da yatsa. Murzawar ita ce ainihin abin da ake gudu. Ɗakin gwaji ne kawai ke tabbatarwa, da madubin ƙara girma na musamman. Idan kana da hanyar irin wannan wuri, jiƙa wurin, yanki ɗan guntu kamar farcen babban yatsa, sa a leda mai zif, sa ledar a cikin wata, rubuta inda ka ciro shi.

Idan babu hanyar gwaji, dokar mai sauƙi ce: duk motar da aka ƙera kafin shekarar 2000, ɗauki kayan zafinta a matsayin asbestos.

Daga nan ka tambayi kanka ko dole ne a taɓa shi. Gaskit da ke matse tsakanin ƙarfe biyu, ba ya yoyo, bar shi inda yake. Farantin kare zafi da bai fashe ba, kuma ba a hanyar iskar cikin mota yake ba, shi ma barinsa ya fi cire shi. Wanda ya zama dole a cire shi ne mai marmashewa, wanda ke kan hanyar iskar hita, da wanda aikin gyara zai bi ta kansa ko ana so ko ba a so. Kafin ka kai ga wannan aikin, kada ka kunna hita ko fanka don "a ga ko tana aiki". Toshe bakin bututun da leda da salatif.

Mataki na uku: kayan aiki da wuri

Takunkumi shi ne kan gaba. Na asibiti da na ƙyalle da muka saba da su lokacin korona, a wannan aikin kallon kitse ne ake wa rogo. Abin da ake bukata shi ne wanda aka rubuta wa FFP3, ko na roba mai matatar P3 ko P100. Kuma sai ya manne da fata ta ko'ina: rufe matatar da tafin hannu ka ja numfashi, idan ya lotsa ya tsaya to ya kama, idan ka ji iska na shiga ta gefe to bai kama ba.

Nan ne maganar gemu ta shigo, kuma ba abin da za a kauda kai ba ne a wurinmu. Gashin fuska yana hana takunkumi mannewa, ko da na kwana biyu ne. Mai gemu yana da zaɓi biyu: ya nemi irin hular nan mai rufe kai gaba ɗaya wadda batir ke tura mata tatacciyar iska, ko ya ba wani amintacce wanda takunkumin ke kama fuskarsa ya yi ɓangaren cirewar, shi ya karɓi aikin bayan an share.

Sauran kayan: rigar aiki ta yarwa mai hula, safar hannu, takalmin roba marar igiya da za a iya wankewa, leda mai kauri ta shimfiɗawa, manyan ledoji masu kauri na zuba shara, salatif, tsummoki da yawa, makankari na hannu, da gorar feshi cike da ruwa da aka ɗiga wa sabulun wanke-wanke kaɗan. Sabulun yana sa ruwan ya ratsa cikin zaren maimakon ya zame ta sama.

Zaɓi wuri a waje ko rumfa mai buɗewa, a ranar da iska ta kwanta. Ranar da hunturu ke kaɗawa ba ranar wannan aiki ba ce. Kashe fanka. Kori yaran gareji da 'yan kallo, a nisanta da mai shayi da mai abinci, a ɗauke butoci da tabarmar salla daga wurin. Ba ci, ba sha, ba goro, ba taba har a gama a wanke.

Mataki na huɗu: cirewar

Shimfiɗa leda a ƙarƙashin motar, ta wuce inda za ka yi aiki da kamar taku biyu ta kowane gefe. Bari inji ya huce sarai, domin ruwa a kan ƙarfe mai zafi tururi zai zama ya tashi da ƙurar. Cire kan batir.

Fesa ruwan sabulu a hankali, kamar yadda ake yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. Feshi mai ƙarfi shi ma yana tayar da ƙura, don haka injin wankin mota ba shi da wuri a nan. Ba shi mintoci ya tsuma, ka ƙara. Duk lokacin da ka ga wuri ya fara bushewa, ƙara fesawa.

Ƙoƙarta ka ciro abu ɗungurungum. Akwatin hitar Beetle, misali, kwance shi daga inji yadda yake, ka toshe bakunansa, ka naɗe shi a leda. Kada ka tsaga shi don ganin abin da ke ciki. Idan naɗin bututu ne, jiƙa shi, naɗe shi da leda tun yana jikin bututun, sannan ka kwance bututun da naɗin tare. Notin salansa yakan ci tsatsa ya ƙi motsi. Jiƙa shi da man kwance tsatsa tun daren jiya, domin da zarar haƙuri ya ƙare aka ɗauko guduma da kurfi ko injin yanka ƙarfe, duk shirin ya lalace.

Gaskit da ya manne a fuskar ƙarfe shi ne inda aka fi yin kuskure. Hanya mai sauri ita ce burushin waya a bakin injin huda, ko sanfefa, ko injin gurza, kuma dukkansu suna mai da gaskit ɗin gari. Jiƙa shi da ruwan sabulu ko mai, ka bi shi da makankari a hannu sannu a hankali, kana kwashe abin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma kai tsaye zuwa leda. Zai ci lokaci. Ba wata dabara da ta wuce wannan.

Iskar kwampireso haramun ce a wannan aiki, haka hurawa da baki. Wannan ya shafi gangar birki da gidan kuloci ma. Zafin birki yana sauya yawancin asbestos ɗin da ke cikin ƙurar zuwa wani abu daban, shi ya sa masana suka daɗe suna jayayya kan girman haɗarin ga masu gyaran birki, amma ba duka yake sauyawa ba, kuma hukumomin kare ma'aikata a Amurka da Birtaniya sun hana hure shi da iska. Wanda ya fi shiga haɗari a ganina shi ne mai liƙa sabon fatar birki, wanda ke huda ta yana goge ta a busashe, domin wannan ba ta taɓa ganin zafi ba.

Idan ba kai za ka yi aikin ba, faɗa wa bakanikenka tun kafin ya fara: "Oga, don Allah kada a hura da iska, kada a sa waya. A jiƙa a kankare da hannu, zan biya kuɗin lokacin." Ka kawo masa takunkumin da kanka, har da na yaron da zai taya shi.

Mataki na biyar: shara, wanka da zubarwa

Kada tsintsiya ta taɓa wurin. Injin zuƙar ƙura na gida ma ya fi tsintsiya muni, domin zaren yana ratsa matatarsa ya fito ta baya ya cika ɗaki. Sai dai na masana'antu mai matatar HEPA wanda aka yi don ƙura mai haɗari. Goge ƙarfen motar da kayan aiki da jiƙaƙƙen tsumma, shafa ɗaya ka ninke, kada ka mayar da tsumman cikin bokiti. Hanyoyin iskar da ke jikin mota, waɗanda ba sa ciruwa, a zura musu jiƙaƙƙen tsumma da waya a ja, a maimaita da sabo har ya fito fes. Kafet da soson kujerar da ke kusa da bakin hita, idan shimfiɗar ta daɗe tana marmashewa, zubar da su ya fi kakkaɓe su.

Naɗe ledar ƙasa daga gefe zuwa tsakiya. Goge takalmi. Tuɓe rigar kana juya cikinta waje, sa ta a ledar shara tare da safar hannu. Takunkumi shi ne na ƙarshen cirewa. Ɗaure ledar, sa ta a cikin wata, ɗaure, rubuta "ASBESTOS, HAƊARI, KADA A BUƊE". Wanke hannu da fuska nan take, ka yi wanka kafin ka shiga cikin iyali.

Kayan aiki kada su je gida. An samu mata da yara a ƙasashe da dama da suka kamu da mesothelioma ba su taɓa taka masana'anta ba, sai dai kakkaɓe kayan maigida da wanke su. Idan babu rigar yarwa, sa tsofaffin kayan da ka haƙura da su, ka zubar da su tare da sharar.

Zubarwa ita ce mai wuya a wurinmu. Kada a ƙona: asbestos ba ya ci, ledar ce kawai za ta ƙone ta bar zaren a toka iska ta kwasa. Kada a jefa a bola inda yara da masu tsince-tsince za su yage ledar, kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan akwatin hita da shimfiɗarsa a ciki, domin su da guduma za su buɗe shi. Tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta jiharku ko ta garinku kan inda ake binne shara mai haɗari. Kafin a samu, ajiye ledojin a durom mai murfi, da rubutu a jiki, inda ruwa da yara ba sa kaiwa.

Mataki na shida: abin da za ka mayar

Akwai madadin kowane ɗayansu: gaskit na garafayit, na tagulla ko na ƙarfe mai hawa-hawa, naɗin salansa na zaren gilashi ko na dutsen basalt, farantin kare zafi na alminiyom, fatar birki da kuloci marasa asbestos. Zaren gilashi ma yana sa ƙaiƙayi da tari, don haka a sa takunkumi wajen yanka shi, kuma kada a shimfiɗa shi tsirara a hanyar iskar hita.

Hattara biyu wajen saye. Ta farko, tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba, wanda ke cikin kwalinsa na asali tun shekarun 1970 ko 1980. Masu farfaɗo da mota suna rububinsa, kuma akan ci karo da shi a tsofaffin shaguna a Ƙofar Ruwa ko Panteka, amma gaskit ko fatar birki ta wancan zamani kusan tabbas da asbestos aka yi ta. Ta biyu, sabo ma ba shaida ba ne. A 2012 an gano asbestos a gaskit ɗin inji da salansa na sababbin motoci kusan 23,000 ƙirar kamfanonin Great Wall da Chery na ƙasar Sin da aka shigar Ostareliya, shekaru bayan ƙasar ta hana shi. Nemi kaya mai sunan kamfani sananne da rubutun cewa babu asbestos a jikin kwali. Wanda ba shi da suna ba shi da rubutu, yi masa irin mu'amalar da ka yi wa tsohon: kada ka goge shi, kada ka huda shi a busashe.

Mai niyyar fitar da tsohuwar mota waje kuma ya binciki dokar ƙasar tukuna. Jami'an kan iyakar Ostareliya sukan tsare tsofaffin motoci a tashar jirgin ruwa har sai an gwada an cire duk wani asbestos, kuma mai motar ne ke biya.

Idan ka riga ka shaƙa

Wanda ya taɓa kankare gaskit ɗaya ko biyu a busashe kada ya tayar da hankalinsa. Haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan ƙurar da tsawon shekarun da aka yi ana shaƙa, ko da yake ba a san wani adadi da za a ce ba shi da lahani sam ba. Madara, manja ko jiƙo ba sa wanke huhu, kuma hoton ƙirji a makon da abin ya faru ba zai nuna komai ba. Abin da ke hannunka shi ne ka daina ƙarawa, kuma idan kana shan taba ka bari, domin taba da asbestos idan suka haɗu haɗarin ciwon dajin huhu yana ninkuwa sosai fiye da na kowannensu shi kaɗai.

Wanda ya yi shekaru a gareji kuma ya fara jin numfashinsa na yankewa idan ya hau bene, ko busasshen tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ciwon ƙirji, ko rama ba dalili, ya je asibiti. A wurinmu tunanin kowa zai fara tafiya kan tarin fuka, kuma daidai ne a gwada shi. Amma ka faɗa wa likita da bakinka irin aikin da ka yi, shekarar da ka fara, da cewa ka yi aiki da birki, kuloci da gaskit ɗin tsofaffin motoci, ka roƙe shi ya rubuta hakan a katinka.